'Yar magen da na tsinta na yi jinya, yanzu maƙwabciya ta ce tata ce

Wata baiwar Allah da ke zaune a Unguwar Sabil a Jidda ce ta aiko da wannan tambaya. Wata biyu da suka wuce ta ji kuka a ƙarƙashin matakalar imararsu, wato gidan benen da suke zaune, ta leƙa ta tarar da 'yar mage ita kaɗai, idanu sun manne da kwantsa, tafiya sai da tangaɗi. Ta ɗauka ta kai asibitin dabbobi, ta yi ta ɗawainiya har ta murmure. Yanzu da ta yi ƙiba ta yi kyau, sai wata maƙwabciyarta, ita ma Bahaushiya, da ke hawa na sama, ta sauko ta ce 'yar magenta ce da ta haihu a saman bene, a ba ta abinta ko a biya ta. Tana so ta sani: dole ne ta mayar? In ta mayar, kuɗin da ta kashe fa? Ga kuma tsoron kada a karɓa a bar wa yara su wahalar da ita.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri a kan ran da kika ceta. A wannan shekarun da kika kwatanta, ba uwa ba nono, ga zafin Jidda, da wuya ta ƙara kwana biyu a ƙarƙashin matakalar nan. Manzon Allah (SAW) ya ce akwai lada a kan kowace halitta mai ɗanyar hanta, kuma wannan ladan babu maƙwabciyar da za ta sauko ta karɓe miki shi.

Sai dai lada daban, mallaka daban. Jinya ba ta mayar da kayan wani ya zama naki, haka nan faɗar "tawa ce" da baki kawai ba ta isa a ƙwace abu daga hannun mai riƙe da shi ba. Ni likitan dabbobi ne, don haka zan fara daga jikin magen, domin a irin wannan gardama shi ne shaidar da ba ya son kai.

Ki koma asibitin da kika kai ta ranar farko ki roƙi su ba ki abin da suka rubuta: kwanan wata, nauyinta, da shekarun da likita ya ƙiyasta. Ana haihuwar 'yar mage da nauyin giram 100 ko kusa da haka, kuma in tana samun nono tana ƙara kimanin giram 100 kowane mako. Idonta na buɗewa tsakanin kwana 7 da 14. A mako na 3 take fara takawa da tangaɗi, fiƙoƙinta na fitowa tsakanin mako 3 da 4. Abin da kika kwatanta ya yi kama da 'yar mako 3 zuwa 4. Da wannan takarda za ki iya ƙirga makon da aka haife ta, kuskuren ba zai wuce 'yan kwanaki ba. Ki riƙe wannan lissafi a ranki, kada ki faɗa wa maƙwabciyar tukuna.

Dalili shi ne, a hadisin Zaidu ɗan Khalid Aljuhani da Bukhari da Muslim suka ruwaito, da aka tambayi Annabi (SAW) game da tsintuwa, ya ce mai tsintuwa ya san jakar da ɗaurinta, sannan ya yi cigiya shekara guda. Hikimar ita ce mai da'awa shi zai zo ya siffanta, mai tsintuwa ya gwada da abin da ya sani. Ita maƙwabciyarki ta riga ta ga magen da idonta, saboda haka faɗar launi ko tabon goshi ba hujja ba ce. Abin da ya rage shi ne abin da ido ba ya gani. Yaushe magenta ta haihu? 'Ya'ya nawa? Ina sauran? Wace rana ta nemi wannan ta rasa, kuma wa ta tambaya? Ta faɗa wa haris, wato mai gadin imara? A zamanin nan da wuya mage ta haihu a gida mai yara a ce babu hoto ko ɗaya a waya, kuma hoton waya yana ɗauke da kwanan watansa. In 'yan'uwanta na nan, girmansu zai zo kusan ɗaya da taki, duk da taki za ta iya ɗan kasa su saboda jinyar da ta sha.

Abu biyu ne mutane ke ɗauka hujja alhali ba hujja ba ne. Na farko kama. Magunan titin Jidda rabinsu kamarsu ɗaya, kuma mage na iya haihuwar 'ya'yan muzurai daban-daban a ciki guda, don haka kama ba ta tabbatarwa, rashin kama ma ba ya korewa. Na biyu, wasu za su ce a kawo uwar a ajiye su tare a ga ko za ta gane ta. Kada ki yarda da wannan gwaji. Mage da ƙamshi take sanin ɗanta, kuma bayan wata biyu a gidanki ƙamshinki ne a jikin 'yar. Ko da ita ta haife ta, abin da ya fi yiwuwa shi ne ta yi mata huci ta kai mata yakushi. Ba za ku ƙaru da komai ba sai tsorata ƙaramar, ga haɗarin a shafa mata cuta tun rigakafinta bai kammala ba.

To, a ce lissafi ya zo daidai, uwar da ta haihu a saman bene ita ce uwarta. Har yanzu da sauran tambaya, kuma a ganina ita ce zuciyar maganar: ita uwar ta maƙwabciyarki ce? A fiƙihu ɗan dabba uwa yake bi wajen mallaka. Mai akuya shi ke da ɗan akuya ko da bunsurun na wani ne. Amma sai uwar ta zama mallakar wani kafin 'yarta ta zama tasa. Kowace imara a unguwanninmu tana da magenta da ke yawo tsakanin matakala, bakin baƙala, wato kantin unguwa, da wurin shara. Wannan ta zuba mata ragowar kabsa, wancan ya ajiye mata ruwa, haris ya kore ta yau gobe ya jefa mata ƙashin kaza. Ciyar da irin wannan mage sadaka ce mai kyau, amma ba ta mayar da ita dukiyar mai ciyarwa. Magen da ba ta da mai ita tana cikin abubuwan da duk wanda ya riga ya kama ya killace, shi ke da su. In haka lamarin yake, ke kika riga, kuma babu abin da za ki mayar.

In kuwa uwar a cikin gidanta take kwana, ita ta saye ta ko aka ba ta, tana da katin rigakafi da sunanta, maƙwabta sun san ta da ita, to 'yar tata ce, Hajiya, ko da ranki bai so ba. Akwai alama guda da za ta taimaka tun daga nesa: in 'yar tana da dogon gashi da gajeren hanci irin na shirazi, wato magen Farisa, da wuya ta zama haihuwar titi zalla, kuma irin waɗannan ana sayen su da kuɗi masu kauri, mai su kuma yana nema in sun ɓata.

Ƙa'idar da za a bi tsakaninku sananniya ce: hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musa. Magen na hannunki, ita ce ta zo da da'awa, ita za ta kawo hujja. Amma ke ma akwai abin da ke kanki. Ba ki ambaci kin yi cigiya ba lokacin da kika tsince ta. Na fahimci dalili, wanda ya ga abu na mutuwa ba cigiya ce ke fara zuwa masa ba, kuma malamai sun ce abin da ba shi da ƙimar da mai shi zai bi sawunsa ba a wajabta masa cigiyar shekara ba. Duk da haka, da an faɗa wa haris a ranar, ko an sa hoto a zauren WhatsApp na matan imara, da yau babu wannan magana. Wanda zai tsinci mage gobe ya riƙe wannan: ya ɗauki hoto a inda ya same ta, ya sanar da haris da mai baƙala, ya kai asibiti a duba ko tana da shariha a ƙarƙashin fata. Ita sharihar ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, ana dasa ta a tsakanin kafaɗu, tana ɗauke da lamba 15 da na'ura ke karantawa cikin daƙiƙa. Ba ta nuna inda dabba take, lamba ce kawai da ke kai ka ga wanda ya yi rajista. A 'yar mako 3 ba za a same ta ba, amma a babbar mage ita ce abu na farko da ake dubawa.

Maganar kuɗinki. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muka taso a kai, idan mai tsintuwa ya ciyar da dabba sannan mai ita ya bayyana, ana ba mai ita zaɓi: ko ya biya abin da aka kashe ya karɓi dabbarsa, ko ya bar ta ga wanda ya ciyar. Wasu mazhabobin sun sharɗanta sai an nemi izinin alƙali ko an kafa shaida cewa za a nemi a biya. Ki tattara rasit ɗin asibiti da na madara da na magani, ki rubuta jimilla ta gaskiya, kada ki ƙara ko sisin kwabo. Wahalar tashin dare ba ta shiga lissafi. Sau da yawa wannan zaɓin kaɗai ke kashe rigimar, domin wanda ke son dabbar da gaske zai biya, wanda kuma ya ga ta yi kyau ne kawai sai ya ja da baya.

Ita ma cewar da ta yi "ko a biya ni" tana da hukuncinta. Muslim ya ruwaito cewa an tambayi Jabir game da kuɗin kare da na mage, ya ce Annabi (SAW) ya tsawatar a kan haka. Wasu malamai sun tsaya a kan zahirin hadisin suka hana cinikin mage. Mafi yawa, har da mazhabobi huɗu, sun halatta sayar da magen gida mai amfani, suka ɗauki hanin a matsayin kwaɗaitarwa a kan a riƙa bayar da ita kyauta. Shawarata kada ki kira shi ciniki. In an tabbatar tata ce kuma ta yarda ta bar miki, ki yafe kuɗin jinya, ki haɗa mata da 'yar kyauta, turare ko atamfa, a gaban shaidu biyu ta furta ta ba ki. In kuma ba ta kawo hujja ba, kada ki ba da ko riyal ɗaya da sunan fansa, domin gobe wata ma za ta sauko.

Yanzu tsoron da kike yi wa ita magen, wanda ni a wurina ba ƙaramin abu ba ne. Hausawa na cewa tsintacciyar mage ba ta mage. A kan babbar mage da ta girma a titi akwai gaskiya a ciki, da wuya ta saki jiki da gida. Amma 'yar mage tana koyon sabo da mutum ne tsakanin mako 2 da 7 na rayuwarta, kuma taki a hannunki ta yi mafi yawan wannan lokaci. Ta zama magen gida. Ba ta koyi farauta a wurin uwa ba, ba ta san gudun mota ba, ba ta san tsoron yaro mai dutse ba. Sakin irin wannan a titi ko a saman bene kashe ta ne a hankali. Matar da hadisi ya ce ta shiga wuta saboda mage, ai magen tata ce. Ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Wato mallaka ba ta ba kowa damar wulaƙanta dabba. Dokar ƙasar nan ma haka ta ce. Saudiyya ta amince da dokar tausaya wa dabbobi ta ƙasashen Majalisar Haɗin Kan Yankin Gulf a shekarar 1434 bayan Hijira, wato 2013, kuma Ma'aikatar Muhalli, Ruwa da Noma ce ke kula da aiwatar da ita. Dokar ta ɗora wa mai dabba ciyarwa, shayarwa, matsuguni da magani, ta kuma hana a saki dabbar da rayuwarta ta dogara ga mutum a yi watsi da ita. Tara kan iya kai riyal 50,000 a karon farko, tana ninkuwa in an maimaita har zuwa 400,000. Ban kawo wannan don ki je ki yi wa maƙwabciyarki barazana ba. Na kawo ne don ki san cewa in kika nemi sharaɗin a riƙe ta da kyau, ba son zuciya kike yi ba, addini da doka duka suna bayanki.

Abin da nake roƙonki kada ki yi shi ne ɓoye ta, ko ki ba wani a wata unguwa ki ce ta gudu. Muddin ana gardama, amana ce a hannunki. Kada kuma ki je yanzu ki sa a dasa mata shariha da sunanki, zai zama kamar kin yi riga-malam-masallaci. Ki bari sai magana ta mutu. Sannan akwai al'adar nan da nake gani a cikinmu, in rigima ta yi zafi sai wani namiji a gidan ya ce shi zai raba gardama, ya sa mage a kwali ya kai bakin kasuwar kifi ko wani fili ya yar, wai kowa ya huta. Magen da aka yar a wurin da ba ta sani ba, magunan wurin za su kore ta, ƙishi ya ƙarasa ta. Wannan ba sulhu ba ne, zalunci ne a kan wadda ba ta da baki a maganar.

Ku zauna ku biyu tukuna, ba a kan matakala ba, ba a gaban yara ba. Ki hau wurinta da sallama, ki fara da cewa in tata ce ba za ki riƙe haƙƙinta ba. Wannan kalma ɗaya na sauke rabin fushi, domin sau da yawa abin da ke cin mutum shi ne jin an mai da shi maƙaryaci. In ba ku daidaita ba, ku sa wata dattijuwa da ku duka kuke jin nauyinta, ko mazanku su kai wa limamin masallacin unguwa. Bayan nan akwai umda, wato mai unguwa, akwai kuma dandalin sulhu na Taradi da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a. Amma ni da ke mun san yadda zaman mutanenmu yake a nan. Akwai gidajen da takardunsu ba su cika ba, kuma ƙarar da aka fara a kan mage tana iya ƙarewa a kan iƙama, wato takardar izinin zama. Kada ki zama sanadin haka ga 'yar'uwarki, ko da ke ce mai gaskiya.

Kafin a gama, lafiyar magen ba za ta jira ku ba. Yanzu ta kai wajen wata 3. Allurar rigakafi mai haɗe da cuta uku ana fara ta daga mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ta kai mako 16. Ɗaya daga cikin cututtukan nan uku ita ce mai sa amai da gudawa ta kashe ƙananan maguna cikin kwanaki, kuma ƙwayarta na iya shekara a ƙasa ba ta mutu ba, ana shigo da ita gida a tafin takalmi. Allurar haukan kare daga mako 12 ake yi. A ci gaba da maganin tsutsar ciki da na ƙuma, amma wanda likita ya ba ki. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin yana kashe mage. Panadol ma haka, ko ɓarin ƙwaya kada ki ba ta. Kada a yi mata wanka da Dettol, kada a bar ta ta taka inda aka goge da shi bai bushe ba, domin za ta lashe ƙafarta. Ragowar miyarmu mai albasa da tafarnuwa tana lalata mata jini a hankali. Madarar shanu kuma zawo take sa yawancinsu. In kin ga gashi na zubewa a zagaye, a kai ta a duba, makero ne mai yiwuwa kuma yana kama yara. In akwai mai juna biyu a gidan, wani ya riƙa kwashe yashin ba-hayarta, kullum, a wanke hannu. Zamanta a ɗaki kuwa ba ya ɓata tsarki. A hadisin Abu Ƙatada Annabi (SAW) ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku.

Ku kuma yi maganar haihuwa tun yanzu, ko a hannun wa ta ƙare. Mage na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 ko 5, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, kuma a yanayin ɗumi irin na Jidda tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Daga nan 'ya'yan ƙarƙashin matakala suke fitowa. Aikin hana haihuwa da allurar barci ake yinsa, ta warke cikin kwana 10 zuwa 14. Malamai sun yi saɓani a kai. Shaihu Ibn Usaimin ya ce in magunan sun yi yawa suna cutarwa, kuma aikin ba zai cutar da su ba, babu laifi, ya fi a bari a haife su sannan a kashe. In maƙwabciyarki ce ke da uwar da gaske, uwar ta fi 'yar buƙatar wannan aiki.

In hujja ta tabbata kuma ta zaɓi ta biya ta karɓa, ki miƙa ta da kanki, tare da katin rigakafi, ranar allura ta gaba a rubuce, irin abincin da ta saba, da tsumman da take kwana a kai. Canza abinci rana ɗaya yana ɓata mata ciki, a yi shi sannu-sannu cikin mako guda. Ki roƙe ta ta ajiye ta a ɗaki ɗaya a rufe na mako 2, nesa da uwar da sauran maguna, tagogi a kulle tun da hawa na sama ne, kuma a nuna wa yara yadda ake ɗaukarta da hannu biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙarƙashin ƙafafun baya. Tun da imara ɗaya kuke, za ta yi ƙoƙarin saukowa ƙofarki. Ku yi yarjejeniya a kan wannan ma a gaban dattijuwar: in ta sauko ki kira a zo a ɗauka, in kuma wata rana riƙon ya gagare su, ke za a fara yi wa tayi kafin kowa.